Sunan da Na Kira a Haidarabad

Tun da na dawo ban yi kitso ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Mace za ta zauna a gabana, in tsaga gashi, kafin in kama layin farko sai ta juyo da kai ta ce, "Anti Rabi, wai da gaske ne suna rawa a kan titi?" Layin ya karkace, in warware, in sake. Wata ƙawata da ke Summerfield ta bugo waya sau uku, kowane karo sai in faro mata daga filin jirgi. Na gaji. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ajiye a kan teburin shago, mai son labarin Indiya ta ɗauka ta karanta, ta bar mini kanta ya tsaya wuri ɗaya.

Amsar farko dai ita ce ban ga kowa yana rawa ba. Mutanen da na gani duk sauri suke yi, kowa da abin da ya dame shi.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, neman aure na je. Ɗana na fari, wanda ke aiki a kantin magani a cikin gari, ya ga wata yarinya 'yar Indiya mai suna Nasrin, Musulma, da ta zo karatu jami'a a nan Greensboro ta Amurka. Yarinya ce mai hankali, ranar da ta fara zuwa gidana ban ce mata komai ba ta tuɓe takalmi a ƙofa. Iyayenta ba su ce a'a ba, ba su kuma ce e ba. Magana tana hannun kakarta ta wajen uba, wadda suke kira Dadi, ita kuwa ta ce ba za ta ba da jikarta ga Ba'afirken da ba ta ga uwarsa da idonta ba.

Na ce wannan wane irin abu ne? A wurinmu baffanni ke zuwa neman aure, uwa ko ranar ba ta nuna ta sani ba. To amma baffanninsa suna Maradi, mahaifinsa kuma ya rasu shekara shida da suka wuce, Allah ya jiƙansa. Sai ni.

Ku 'yan gida ba sai na yi muku bayanin ɗan fari ba, amma 'ya'yanku da aka haifa a nan za su karanta. A wurinmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta zama kusa da shi su ci abinci. Wurin kakarsa aka yaye shi, can ya tashi, sai da za mu taho Amurka aka maido mini da shi yana da shekara goma sha ɗaya. Ko a makarantarsu in malama ta tambaye ni sunansa, takarda nake miƙa mata. Shekara ashirin da bakwai ina ce masa "kai" ko "yaron nan", bai kuma taɓa yi mini ƙorafi ba.

Bayan ƙaramar Sallah muka tashi. Na cika akwati da atamfa da shadda da turaren wuta, na sayi goro mai kyau a shagon 'yan Afirka na naɗe shi cikin jiƙaƙƙen tsumma. Daga nan zuwa Newark ba komai, amma daga can zuwa Delhi awa goma sha huɗu ne a sama, ba sauka. Tikitinmu kujera kusa da kujera. Na so in yi musanya da wani Bature, yaron nan ya ce, "Mama, please, zauna kawai." Na zauna. Can barci ya ɗauke shi, kansa ya gangaro ya sauka a kafaɗata. Na duba hagu, na duba dama, kamar akwai 'yan Maradi a jirgin, sannan na zame a hankali na cusa masa matashi. Ya farka, ya dube ni, ya juya ya jingina da taga.

A Delhi jami'in shige da fice ya juya fasfona gaba da baya. Ya ce Najeriya? Na ce Nijar. Ya ce e, Najeriya. Na ce masa ƙasa biyu ce, maƙwabta, mu na sama. Ya kira abokin aikinsa suka duba wani littafi, suka same mu, har ya yi mini murmushi kamar shi ya gano ƙasar. Sai kuma ya ce ina katin allurar shawara. Allah ya taimake ni, ni mace ce da ba ta zubar da takarda, katin da na yi allura da shi tun zuwa Hajji yana can ƙasan jaka tare da rasiɗin injin busar da gashi. A wurin duba kaya kuma goro ne ya tsayar da mu. Mutumin ya shinshina, ya ce mene ne wannan. Na ɓare ɗaya na ci a gabansa, na miƙa masa ɓari. Ya tauna sau biyu, fuskarsa ta tattare, ya yi mini alama da hannu in kwashe kayana in tafi.

Mun kwana biyu a wani ƙaramin masauki kusa da babban masallacin tsohon gari. Abin da ya fara faranta mini rai a ƙasar nan, ku yafe mini, bayan gida ne. Na shiga na tarar da famfo a ƙasa da moɗa a gefensa. Shekara goma sha shida ina yawo da gorar ruwa a jaka kamar marar gaskiya, ga mutane biliyan guda sun san abin da ya kamata.

Cunkoson kuwa ba a magana. Ku haɗa kasuwar Maradi ta ranar Juma'a da ta Kano, ku zuba musu babura masu ƙafa uku, kowane yana hon, to kun kusa. A tsakiyar wannan hargitsi sai ga saniya a kwance, tana tuƙa, motoci na zagaye ta. Na tambayi mai masaukin ina mai ita. Ya ce Hindu suna girmama saniya kamar uwa, ba a yanka ta, ba a dukanta. Na tsaya ina kallon ta, farar saniya mai tozo irin tamu, ni kuwa kilishi nake lissafawa, sai na ce astagfirullah na wuce. Kallo kam na sha shi. Duk inda na gitta da ɗaurin kallabina sai a bi ni da ido, wata mata har ta taɓa hannun rigata. Ban ga mugunta a ciki ba, mu ma haka muke yi wa Bature a ƙauye.

Haidarabad, garin su Nasrin, tana can kudu. Ƙafafuna sun kumbura da zaman jirgin sama, na ce na ƙoshi, sai muka hau jirgin ƙasa, tafiyar kwana ɗaya da 'yan awoyi. A ɗakin da muka zauna akwai wani tsoho mai bin addinin Hindu, Malam Rao, da matarsa, shi ya yi ritaya daga koyar da labarin ƙasa. Malami kuwa ko ya yi ritaya bakinsa bai yi ba. Da ya ji ban san komai game da ƙasarsu ba, sai ya sayi samosa a wurin mai talla, irin mai kusurwa uku ɗin nan, ya riƙe ta tsininta na kallon ƙasa.

Ya ce, "Madam, wannan ita ce Indiya."

Ya shafa samanta ya ce nan duwatsun Himalaya suke, waɗanda babu mafi tsawonsu a duniya, ƙanƙara ba ta barin kansu. Daga nan manyan koguna ke gangarowa, har da Ganga da Hindu ke ɗauka mai tsarki, su shayar da filayen alkama da shinkafa. Ya nuna hagu ya ce nan hamada ce da raƙuma. Na ce kamar Agadas ke nan. Tsinin kuma, inda muka dosa, teku ce ta kewaye shi ta gefe uku, daga can damina ke shigowa. Ya ce sarakuna iri-iri sun yi mulki a nan, Hindu da Musulmi, na Musulmi sun daɗe a Delhi ɗaruruwan shekaru, su suka gina masallacin da na yi salla a ciki. Sannan Ingilishi suka zo da sunan fatauci, suka zauna suka zama masu gida.

"Da za su tafi a 1947," in ji shi, sai ya ɓalle kusurwar hagu, ya ɓalle ta dama. "Wannan Pakistan, wannan daga baya ta zama Bangladash." Ya ce an kashe mutane da yawa a lokacin, maƙwabci ya tashar wa maƙwabci. Na ce mu ma Faransa da Ingila sun ja layi a tsakiyar Hausawa, gonar kawuna rabi a Nijar rabi a Najeriya. Ya gyaɗa kai, ya cinye Indiyar tasa.

Ya ce mini Musulmin da suka rage tsiraru ne a ƙasar, amma sun ninka mutanen Nijar kusan sau takwas. Ya zaro takardar kuɗi ya nuna mini rubutu iri goma sha wani abu a jere, kowane harshen wata jiha ne. Da gaske ne kuwa, don tasha bayan tasha haruffan allon suna sauyawa, har shi kansa ya ce akwai waɗanda bai iya karantawa ba.

Da safe na leƙa taga sai na ga dawa. Dawa dai tamu, ta yi kai, ga auduga a baƙar ƙasa, ga mata sun sunkuya suna aiki da yara a gefe. Tun da na baro gida ban ga gonar dawa ba. Hawaye ya zubo mini, ban kuma ɓoye ba. Matar Malam Rao ta buɗe kwanukanta ta ba ni gurasa da miyar wake da nono. Ita da mijinta tun da aka haife su nama bai taɓa shiga bakinsu ba, ga su kuma garau. Tana kallon yaron nan yana ɗauko mini shayi a kowace tasha, sai ta tambaye ni da Turanci ko ɗana ne. Na ce, "Yaron gidanmu ne." Ta dube ni, ta dube shi. Shi kuwa ya ajiye kofin ya fita ya tsaya a bakin ƙofar tarago.

A Haidarabad an karɓe mu karɓa ta mutunci. Mahaifin Nasrin da yayanta suka zo tasha, aka rataya mana furanni a wuya kamar mun ci zaɓe. Gidansu tsohon gida ne mai tsakar gida, a unguwar Musulmi, kiran salla ta ko'ina. Nasrin ta riga mu isowa, ita ce tafinta, don Dadi Urdu kaɗai take ji. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, fari fat da furfura, tana zaune a kan gado da akwatin ganyen da suke taunawa, wanda ke rina baki ja kamar goro. Na ba ta nawa, ta ba ni nata. Kowaccenmu ta daure ta haɗiye.

Aka shimfiɗa ledar abinci a ƙasa, aka kawo biryani, wato dafa-dukan shinkafa da naman akuya, sai dai kayan ƙamshinta sun fi ƙarfin lissafina. Da hannu suke ci, kamar mu. Gida duka aka zauna, maza da mata, aka nuna mini wuri kusa da yaron nan. Na ɗauki farantina na koma can ƙarshe kusa da ƙofa. Ina zaune ina kallon mahaifiyar Nasrin ta dunƙula loma ta sa wa yayan Nasrin a baki, ƙato mai gemu da 'ya'ya biyu, tana shafa kansa tana kiran sunansa. Ni kunya ta kama ni a madadinta. Ashe ni ma ana kallona.

Bayan an ci, Dadi ta sa aka tambaye ni wane irin mutum ne ɗana. Na ce, "To, yana nan dai, kamar sauran yara." Ta ce yana salla? Na ce Allah ne masani. Ta ce yana kula da ni? Na ce ba laifi. Ni a raina na yi abin da 'yar mutunci za ta yi, har ina jin daɗin kaina. Da uwata tana raye da ta sa mini albarka.

Kwana uku ana yawo da mu. An kai ni hasumiya huɗu da ke tsakiyar gari, an kai ni kasuwar awarwaro, an nuna mini unguwar da jikokin sojojin Afirka na tsohon sarkin garin suke zaune har yau, baƙaƙe kamar ni, ba sa jin komai sai Urdu. Mahaifiyar Nasrin ta yi mamaki da ta ga atamfofin da na kawo, don a can gidan amarya ne ke ɗaukar nauyin kaya. Amma na lura fara'ar gidan tana raguwa. Mahaifin ya daina zama hira, Dadi kuma in na gaishe ta sai ta amsa a taƙaice.

Ranar Alhamis da hantsi ina ninke kaya, Nasrin ta shigo idonta jawur. Ta durƙusa ta ce, "Anti, Dadi ta ce a'a za ta ce. Gobe bayan Juma'a Abba zai faɗa muku."

Na ce me yaron ya yi?

Ta ce, "Ba shi ba ne, Anti." Ta yi ta murza gefen mayafinta kafin ta ƙarasa. Dadi ta ce kwana uku tana kallo, ba ta ga na taɓa shi ba, ba ta ji na kira shi ba, an ce in yabe shi na ƙi. Don haka ɗayan uku ne: ko ba ni na haife shi ba, ko ba na son auren, ko kuma na san wani aibu nasa da nake ɓoyewa. Yaron nan ya yi mata bayanin al'adarmu, ta ce ba a tambayar ɗa shaidar uwarsa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ƙetare teku biyu da kumburarrun ƙafafu, a ce ba na son auren? Na fita na same shi a baranda, na ce, "Kai, ka ji abin da ake faɗa?" Ya ce ya ji. Na ce to sai ka ƙara yi musu bayani. Sai ya ce da Hausarsa da ta sha Turanci, "Mama, na san al'ada ce. I know. Tun ina ƙarami nake faɗa wa kaina haka." Bai ƙara ba, ya sauka ƙasa.

Wannan magana ta fi ta Dadi yi mini ciwo. Ni a zatona ya sani, yadda na san uwata na sona ba tare da ta taɓa faɗa ba. Amma ni na tashi a garin da kowace uwa haka take yi. Shi ya tashi a East Greensboro, yana kallon iyayen abokansa suna ihun sunayensu a filin ƙwallo.

Ranar Juma'a da maza suka dawo masallaci suka tsaya a tsakar gida, na ja Nasrin muka shiga wurin Dadi. Na zauna a ƙasa, na ce ta fassara kalma da kalma, kada ta gyara. Na ce ni na haife shi, kwana biyu ina naƙuda. Na ce ranar da aka kai shi yaye wurin kakarsa na shiga rumbu na yi kuka don kada a ji ni. Na ce da mahaifinsa ya rasu, shi ya bar karatu shekara guda yana aiki biyu don ƙannensa mata su gama makaranta, bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma in akwai wanda ya fi shi kirki a Amurka ni ban gan shi ba. Ban taɓa faɗin wannan ga kowa ba. Na ce a wurinmu abin da ya fi girma a zuciya shi ake rufewa, shi ya sa ba na kiran sunansa.

Dadi ta tsayar da taunarta. Ta yi magana a hankali, Nasrin ta fassara. Wai shekara hamsin da ɗaya ta yi da mijinta, ba ta taɓa kiran sunansa ba, haka matan zamaninsu suke. Na ce mu ma haka ne! Na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan ta fahimta. Sai ta ci gaba. Ta ce ranar da zai rasu, a asibiti, ya roƙe ta ta kira shi sau ɗaya ya ji. Surukanta na tsaye, kunya ta hana ta. Ta ce shekara tara ke nan, kullum sai ta faɗi sunan ita kaɗai a ɗaki, ba mai amsawa.

Ta nuna taga da haɓarta. Wannan ba sai an fassara mini ba.

Na tashi na tsaya a ƙofa. Yana can ya ba ni baya, cikin farar shadda, yana sauraron mahaifin Nasrin. Wallahi hawa Arfa ya fi mini sauƙi. Na buɗe baki na kira.

"Haruna."

Ya waiga wajen ƙofar gida. Ya dubi yayan Nasrin, ya dubi bene, yana neman wanda ya kira shi. Ni kaɗai ce bai duba ba, don bai san yadda sunansa yake a muryata ba.

Na ce, "Haruna, ni ce."

Ya juyo. Ya taho a hankali kamar wanda ke tsoron kada ya yi kuskure, ya durƙusa a gabana, wannan ƙaton mutum. Na ɗora hannuna a kansa a gaban kowa. Daga bayana na ji Dadi ta ɗaga murya tana ba da umarni, mahaifiyar Nasrin ta ruga ta fito da tiren alewa tana kuka tana dariya, Nasrin ta ce mini a wurinsu in an raba alewa an ba da yarinya ke nan.

Shi ko kallon tiren bai yi ba. Ya ce, "Mama, sake faɗa."

Na ce, "Kai, tashi ka ba ni wuri, mutane na kallo."

Bai tashi ba. Sai na sake faɗa.